Makiro Ya Yi Aiki a GCC, Ya Ƙi a MSVC

Ɗana, ka ce manhajar tana haɗuwa lafiya lau a Linux da GCC, kwamfailar GNU mai mai da rubutun C da C++ manhaja, da ka kai ta Windows sai MSVC, kwamfailar Microsoft, ta yi ta zubo maka kurakurai a layukan da ba ka ga aibinsu ba, kana tambaya ko ka sake rubuta su. Kar ka taɓa su tukuna.

Abin da ka rubuta ba shi kwamfaila take karantawa ba. A gabanta akwai mai share fage, wato preprocessor, wanda ke bin duk layin da ya fara da #, ya liƙo fayilolin heda, ya maye kowane makiro, wato sunan da aka ayyana da #define, da abin da ke cikinsa. Bai san C ba, yanka da liƙi kawai ya iya. To fara duba abin da ya fitar. A GCC sa -E tare da -o da sunan fayil mai ƙarewa da .i, a MSVC sa /P, ita da kanta za ta ajiye maka fayil mai ƙarewa da .i. Jera su biyun, ka nemi layin da ake kuka da shi.

Ina kyautata zaton __VA_ARGS__, wanda ke tsayawa a madadin duk abin da aka miƙa wa makiro a wurin ɗigo ukun nan (...), shi ne zai ba ka ciwon kai. Dubi wannan:

#define NA_BIYU(a, b, ...) b
#define KIRA(...) NA_BIYU(__VA_ARGS__)

KIRA(1, 2, 3) a GCC da Clang, wata kwamfailar daban, 2 yake bayarwa, yadda ƙa'idar C99 ta tsara. Tsohon mai share fagen Microsoft kuwa yakan dunƙule 1, 2, 3 ya miƙa su a matsayin abu guda, duka su faɗa cikin a, b ya tashi babu komai. Gargaɗin C4003 za ka gani a nan, kuskuren gaske kuma ya fito can wani wuri. Maganin da muka saba yi shi ne a tilasta masa sake karantawa: ka rubuta #define BUDE(x) x, ka naɗe kiran NA_BIYU a cikinsa. Ba ya cutar da GCC. In kuwa kai ke da iko da yadda ake haɗa manhajar, Visual Studio 2019 daga 16.5 tana da /Zc:preprocessor mai bin ƙa'ida. Ni dai ina barin BUDE a wurin, domin ba ka san wanda zai ɗauki hedarka gobe da irin saitinsa ba.

Kar ka ɗora wa Microsoft laifin duka. Dabarar nan ta , ## __VA_ARGS__ da ke haɗiye waƙafi idan ba a ba makiro komai ba, ƙarin GNU ce, ba ƙa'ida ba. Sai a C++20 da C23 aka samu __VA_OPT__ mai yin wannan aikin bisa ƙa'ida. Haka GCC, in ba ka sa mata irin -std=c99 ba, tana mai da kalmar linux da unix su zama 1. Sa wa wani abu suna unix ka sha kallo. Rubuta gcc -dM -E - < /dev/null ka ga duk abin da ta ayyana ba da saninka ba.

Idan std::max ne ya fashe, windows.h ce, tana da makiron min da max. Ayyana NOMINMAX kafin ka shigo da ita, ko ka rubuta (std::max)(a, b), bakan zai hana makiron kamawa.

Sai tambayar wace kwamfaila ce ke aiki. Ba duka ke faɗin gaskiya ba. Clang na ayyana __GNUC__ tana cewa ita GCC 4.2 ce, clang-cl kuma, wato Clang mai kwaikwayon MSVC, na ayyana _MSC_VER, don haka __clang__ za ka fara dubawa. MSVC na barin __cplusplus a 199711L ko da C++17 kake haɗawa, sai ka sa /Zc:__cplusplus ko ka duba _MSVC_LANG. Kuma sunan da ba a ayyana ba, #if na ɗaukarsa 0 ba tare da ya ce uffan ba. Harafi ɗaya ya kuɓuce maka, reshen ya mutu shiru. Kunna -Wundef a GCC da Clang, zai yi maka gargaɗi.

Duk wannan kwaskwarimar ka tara ta a heda ɗaya. A can za ka tambayi sunan kwamfaila, ka fito da makiro irin AKWAI_VA_OPT, sauran fayiloli shi kaɗai za su riƙa tambaya. Kowane gyara ka rubuta a kansa wace kwamfaila ce da wane bugu, don mai zuwa bayanka ya san ranar da zai goge shi.

Je ka fitar da fayilolin .i ɗin biyu, ka kawo mini layin da suka saɓa mu duba tare.