Ruwan da ke rijiyarka daga tudu ya gangaro

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Katsina ne, ina da lambu da na gada a bakin gulbi ta wajen Jibiya. A zamanin mahaifina rijiyar lambun takan kai mu har bazara, yanzu kuwa tun tumatir bai gama nuna ba guga ke fara kwaso laka. Da damina kuma ruwa ya zo da fushi ya yi ta cin gaɓa. Na ji ana faɗa a rediyo cewa duwatsu da tuddai su ne uwar koguna. To mu da ba mu da duwatsu irin na Jos, me ya haɗa mu da wannan magana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa albarka a abin da ya bari. Ƙafewar rijiyar da ambaliyar da kake kuka da su ciwo ɗaya ne, kuma tushensa yana can sama da lambunka, inda wataƙila ba ka taɓa taka ƙafa ba.

Bari mu fara daga soron gida. Idan ruwa ya sauka a kan rufi, rabi ya bi indararon da ke zuba a tsakar gida, rabi ya bi wanda ke zuba a lungu. Ƙasa ma haka take. Kowane gulbi yana da nasa rufin, wato duk tudu da gona da daji da ruwansu ke gangarowa cikinsa. Wannan shi nake kira magangarar ruwa, doron da ya raba magangara biyu kuwa shi ne marabar ruwa. Ba sai dutse ya tokare sama ba kafin ya zama maraba. Tudun da za ka haye a kan babur ba tare da ka lura ba yana iya raba ruwan da zai tafi Kwara da wanda zai tafi Tafkin Chadi.

Jiharmu kuwa a kan irin wannan doro take zaune. Kogin Sakkwato daga wajen Funtuwa yake tasowa, ya ratsa Gusau, ya haɗu da Rima kusa da birnin Sakkwato, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa Kwara. Kogin Ƙaraduwa, wanda aka datse a Zobe ta Dutsin-Ma a 1983, shi ma Rima yake nufa. Gulbin da ke gefen lambunka, Gada, daga tuddan tsakiyar jihar nan yake tattaro ruwa, ya bi ta Jibiya ya tsallaka Nijar inda ake ce masa Gulbin Maraɗi, sannan ya sake dawowa Nijeriya ya shiga Rima. Ta gabas kuma, wajen iyaka da Kano, akwai wuraren da ruwansu ke juya wa Kwara baya ya bi hanyar Haɗeja zuwa Chadi. Ke nan mu ne Jos ɗin wasu. Masuncin da ke jefa homa a Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu, cikin ruwan da yake tsaye akwai wanda ya sauka a gonakin Funtuwa.

Manyan duwatsu suna da aikin da namu tuddan ba su kai yi ba. Iskar damina tana ɗauko laima daga Tekun Atilantika. Idan ta ci karo da dutse dole ta hau, tana hawa tana sanyi, kimanin digiri 6 a kowace kilomita ɗaya ta tsawo, har laimar ta taru ta zama hadari. Shi ya sa Jos, da ke sama da mita 1,200, take samun ruwan da ya ninka na Katsina, kuma daga can ne kogunan Kaduna da Gongola suke tasowa. Kwara kanta daga tuddan ƙasar Gini ta fito, ta yi tafiyar sama da kilomita 4,000. Binuwai daga tuddan Adamawa na Kamaru. Mafi yawan ruwan da ke isa Masar ta kogin Nilu a duwatsun Habasha yake sauka. Alƙur'ani ma a Suratul Mursalat ya ambaci duwatsu masu tsawo kafaffu tare da shayar da mu ruwa mai daɗi a aya guda.

Amma aikin tudu da ya fi shafar ka shi ne riƙo. Ruwan shekara a wajen Katsina da Daura bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma kusan dukkansa cikin wata huɗu yake sauka. Sauran wata takwas da ajiya muke rayuwa. Yi wannan lissafi: ruwa milimita 30, wanda mamako ɗaya na watan Agusta kan kawo, idan ya sauka a kan hekta ɗaya ya kai lita 300,000, jarka 12,000 mai cin lita 25. Abin dubawa shi ne jarka nawa ƙasa ta shanye, nawa kuma suka gudu.

Na sha tsayawa a gindin dutse ta wajen Dutsin-Ma bayan an ɗauke ruwa. Dutsen kansa ba ya shan komai sai abin da ya shiga tsaguwarsa, duk sauran ya zubo ƙasa kamar daga kan kwano. Inda akwai sabara da kalgo da gamba a gindin, ruwan sai ya rasa hanya, ya yi ta kewaya tsakanin saiwoyi da busasshen ganye, ya bi ramukan gara da na tana ya nutse. Ka tona da hannu bayan kwana uku za ka ji danshi da ƙanshin ƙasa. Taku kaɗan daga nan, inda aka share aka tone kututture, ƙasa ta zama faƙo, ruwan ja wur yake wucewa, ya yanka ƴar hanya da ba ta fi faɗin tafin hannu ba. Damina biyar ka dawo ka tarar da kwazazzabon da zai haɗiye jaki.

Ruwan da ya nutse ɗin nan bai ɓata ba. A hankali yake tafiya ƙarƙashin ƙasa, wata da watanni, har ya iso yashin gulbi. Kai ka fi ni sanin cewa da rani idan aka tona yashin Gada kamu biyu ko uku, sai ka ga ramin ya fara duhu, ruwa ya tsattsafo garau. Ruwan Agusta ne yake isowa a Fabrairu, kuma shi rijiyarka take sha. Idan tudu ya daina riƙewa, abin da ya kamata ya zo maka a cikin wata shida sai ya zo a dare ɗaya. Mutanen Jibiya ba za su manta da watan Yulin 2018 ba, lokacin da ruwa ya shiga gari cikin dare ya ci rayukan mutum fiye da 40. Allah Ya jiƙansu. Ruwan da aka yi a daren mai yawa ne ƙwarai, ba zan ɗora komai a kan saran itace ba, amma magangarar da aka tsiraita ba ta da abin da za ta rage wa irin wannan ruwa gudu.

Akwai wasu dalilan da ya kamata ka duba. Madatsar Jibiya, da aka gina wajen ƙarshen shekarun 1980, ta canza yadda ruwa ke isa ga waɗanda suke ƙasa da ita. Mahaifinka da jigo yake ban-ruwa, guga ɗaya bayan ɗaya. Yau injuna nawa ne ke zuƙa a gaɓa guda? Sai kuma ɗiban yashi, wanda ya fi komai ci mini tuwo a ƙwarya. Yashin gulbi shi ne randar lambu. Duk tifar da ta kwashe shi ta rage zurfin randar, gulbin ya ƙara zurmawa, ruwan rijiyoyin gefe ya bi shi ƙasa.

Halittu ma da wannan jinkiri suke rayuwa. Kanya da giginya da ke bin gaɓa saiwarsu a cikin ruwan ƙasa take. Tarwaɗa takan bi ambaliyar farko ta shiga fadama ta yi ƙwai, gaiwa kuwa ta binne kanta a laka ta jira damina. Can gabas, dausayin Haɗeja da Nguru yana karɓar tsuntsayen da ke tasowa daga Turai duk hunturu, kuma tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974 da Chalawa a 1992 filin da ambaliya ke shafewa ya ragu, masunta da makiyaya suka ji a jikinsu. Abin da aka yi a sama, na ƙasa ne ke biya.

Kakanninmu sun san wannan tun ba a zana taswira ba. Dubi inda suka kafa gari: gindin Dala, gindin Kufena, gindin Kwatarkwashi. Tsaro yana ciki, amma da ruwan da dutse ke tarawa a gindinsa. Sunayen wurarenmu ma shaida ne, ga Mairuwa ta wajen Funtuwa, ga Rafindaɗi a cikin birnin Katsina. Labarin Daura kuwa a bakin rijiya aka ƙulla shi: macijin Kusugu ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, wanda ya buɗe rijiyar ga jama'a shi ya auri sarauniya. Duk yadda mutum ya ɗauki labarin, ya nuna cewa a wurin mutanen da, mulki da ruwan sha tare suke tafiya. Daga nan aka samu sarautu irin su Sarkin Ruwa da Sarkin Rafi, aka ware burtali da mashaya don kada makiyayi da manomi su yi karo a bakin gulbi. Bayan jihadi, da sarakunan Katsina na Haɓe suka bar birni, a bakin wannan gulbi naka suka zauna a Maraɗi, Gobirawa kuma a Tsibiri kusa da su. Har gwamnatoci sun gane gulbi bai san iyaka ba: yarjejeniyar da Nijeriya da Nijar suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwa ta ambaci kogunan Gada da Tagwai da sunansu.

Ƴan uwanmu na Maraɗin nan kuwa suna da abin koya mana. Tun shekarun 1980 manoma a can suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a tone kututture, sai a bar tohon da ya fi ƙarfi, a sassabe sauran, a kare shi daga awaki. Da haka miliyoyin hekta suka sake yin itace ba tare da an dasa ba. Gawo ne sarkinsu, domin da damina yake zubar da ganye, bai hana gero rana, ga taki, ga abincin dabbobi da rani. Ni na fi yarda da wannan a kan dashen da ake yi ranar biki a ɗauki hoto a watse, ko da yake shirin Babbar Katangar Itatuwa, na dasa itace don tare hamada, da jiharmu ke ciki yana da amfani inda aka kula da shi.

A lambunka, bar tazara tsakanin kwami na ƙarshe da gaɓa, ka dasa gamba ko jema a nan, saiwarsu za ta riƙe ƙasa. Ku masu lambu a gaɓa ɗaya ku je wa mai gari da hakimi da maganar tifofin yashi, ku kuma tsara lokacin kunna injuna don kada a zuƙe rijiyoyi lokaci guda. Ƙananan kwazazzabai ana toshe su da jeren duwatsu tun suna ƙanana, kafin damina.

Sannan ina roƙonka abu biyu. Ka sami igiya ka ɗaura mata ƙulli a kowace rabin mita, duk Juma'a da safe kafin a kunna inji ka auna zurfin ruwan rijiyar ka rubuta a littafi, daga kaka har faɗuwar ruwa. Na biyu, idan hanya ta yi lafiya, ka bi koramar da ta fi kusa da lambunka da ƙafa, ka yi sama har inda ta fara, ka ga gonar wa ce, akwai itace ko babu, sannan ku gaisa da mai ita. Idan ka tara awon wata shida ka aiko mini, daga yadda ruwan yake sauka za mu iya gane ko injuna ne suka fi cinye shi ko kuwa tudun ne ya daina aiko maka.