Sunan Jami'a Ko Kwas Ɗin Da Kake So? Amsoshin Wasiƙunku

Tun da jami'o'i suka fara sakin sunayen waɗanda suka samu gurbi, kusan duk wasiƙar da na buɗe maganar karatu ce. Masu tambaya kan firiji da batirin sola ku yi haƙuri sai mako mai zuwa.

"Na ci maki 238 a JAMB. Na nemi haɗa magunguna a ABU, sai aka ba ni ilimin tsirrai. Jami'ar jiharmu kuma za ta ba ni kimiyyar kwamfuta, wadda da ma ina sonta. Babana ya ce ABU ai ABU ce. Wacce zan ɗauka?" Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

Ɗana, babanka bai faɗi ƙarya ba. Makarantar da aka kafa tun 1962 ta tara abin da sabuwa ba za ta tara cikin shekara goma ba: laburaren Kashim Ibrahim, asibitin koyarwa na Shika, cibiyar binciken noma ta Samaru, ga kuma tsofaffin ɗalibai birjik. Da wuya ka shiga ma'aikata a Kaduna ko Abuja ka rasa wanda ya yi karatu a harabar ABU ta Samaru ko ta Kongo, kuma wannan sanayya takan yi wa mutum rana.

Sai dai akwai abin da iyaye ba su cika sani ba. Sunan babbar jami'a bincike ne da wasu sassa ƙwarara suka gina shi, ba kowane aji ba. A shekararka ta farko cikin ɗaruruwan ɗalibai za ka zauna a babban ɗakin lacca, in ka makara ka tsaya ta taga. Farfesan da kake jin sunansa a rediyo yawanci yana can da masu digiri na biyu da na uku. Kai sai ka yi sa'a ku gamu a aji uku. Da noma aka ba ka a Zariya, ko likitancin dabbobi, ko zanen gine-gine, da na ce ka ɗaure jakarka yau. Da kuma tsirran kake so har zuciya, haka zan ce. Amma na san abin da ke ranka, irin na sauran 'yan'uwanka: in shiga tukuna, in canja a aji biyu. Kada ka gina rayuwarka a kan wannan. Kwas irin haɗa magunguna yana da adadin ɗaliban da aka ƙayyade masa, waɗanda ke ciki kuwa ba tashi za su yi su ba ka kujera ba. Shekara huɗu kana karatun da ba ka so, ƙarshenta sakamako mai rauni ne, alhali wurare da yawa na aiki da na tallafin ƙaro karatu matakin digirinka suke fara dubawa kafin sunan makaranta.

Ka ɗauki kwamfutar, bisa sharaɗi biyu. Ka tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar. Sannan zuwa da kai ya fi saƙo: ka je sashen, ka sami 'yan aji uku ka tambaye su ko kwamfutocin ɗakin gwaji na aiki, da malamai nawa ne na dindindin. Su ba sa ɓoye komai. Babanka kuma ka bi shi a hankali, ka nemo wani kawu ko malami da yake jin maganarsa.

"Tsakanin ABU da BUK da Ibadan wacce ta fi aji, wadda in aka ji sunanta za a girmama mutum? Ban zaɓi kwas ba tukuna." Daga wani matashi a Kano.

Ka shiga tasha kana tambayar motar da ta fi kyau, ba ka san garin da za ka ba. In tsufa kake nema, Ibadan tun 1948 take. Zaɓi kwas, ka sake rubuto mini.

"Mijina ya rasu shekara uku ke nan. 'Yata ta samu gurbin karatun jinya a BUK. Ƙanin mahaifinta ya ce in sayar da filin da aka bar mana in sa ta a jami'ar kuɗi saboda yajin aiki. Barci ba ya ɗaukata." Daga wata uwa a Gusau.

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙansa, Ya yi wa yarinyar nan albarka. Ki fara da godiya, domin gurbin da ta samu dubbai ne suka nema. Kada ki sayar da filin. Fili sau ɗaya ake sayar da shi, kuɗin jami'a mai zaman kanta kuwa duk shekara yake dawowa, kuma ba ya dawowa yadda ya tafi. Na ga yaran da aka janye a aji uku don kuɗin gona ya ƙare. Babu gona, babu kwali.

Tsoron yajin aiki ba ƙarya ba ne. A 2020 an shafe wata tara, a 2022 wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ki ɗora shekara guda a kan lissafinki, in ba a buƙace ta ba falillahil hamdu. Amma jinya a jami'ar da ke da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a bayanta ba abin saki ba ne. A irin wannan karatu ne sunan makaranta ke da nama a jikinsa. Kuɗin rajista ya hau tun 2023, gaskiya ne, sai dai abin da ke karya iyaye shi ne abinci da wurin kwana da kuɗin mota. Ta nemi gado a ɗakin kwanan ɗalibai da wuri, ta cike takardar tallafin karatu ta jiharku, ta kuma duba bashin karatu na asusun gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara a 2024 don ɗaliban makarantun gwamnati. Babu ruwa a kansa, kuɗin makaranta kai tsaye ake biya wa jami'a, ana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashi ne dai, ku shige shi da ido buɗe.

"Ɗana ya zauna JAMB sau biyu bai kai makin likitanci ba. Wani bawan Allah ya ce in kawo naira 600,000 yana da hanya a wata babbar jami'ar tarayya. In kuma ba haka ba, zai samo masa digiri daga Kwatano cikin shekara ɗaya." Daga wani mahaifi a Potiskum.

Alhaji, gyara zama, domin wannan ce wasiƙar da ta ɓata mini rai, ba don kai ba, don yawan irinta.

Tun 2017 duk gurbin jami'a ta manhajar CAPS ta hukumar JAMB yake bi. Yaro zai shiga da kansa, ya ga an ba shi, ya karɓa, ya fitar da takardar JAMB. Abin da bai fito a nan ba, ko da hatimi goma ne a jikinsa, takardar tsire ce. Jami'o'in tarayya kuma da tsari suke raba gurbi: kashi 45 cancanta, 35 jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 jihohin da aka bari a baya a karatun boko. Likitanci ya fi kowanne tsauri, don majalisar likitoci ce ke yanke wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka. To ta wace ƙofa mai hanyar naka zai shigar da yaron?

Bari in gaya maka yadda sana'ar take. Ya karɓi kuɗin mutum goma, ya koma gida ya kwanta. Biyu su samu da makinsu, ya ce aikinsa ne. Sauran takwas ya ce su jira jerin sunaye na biyu, sannan na uku, sannan wayarsa ta daina shiga. Waɗanda suka yi asarar kuɗi kawai ma sun tsira. Ɗan wani maƙwabcina shekara uku yana shiga lacca a wata jami'a da katin shaida na bogi, uban na tura kuɗin abinci duk wata, sai da aka zo tantance sunaye aka ce ba a taɓa saninsa ba. Har yau yaron ba ya son fitowa majalisa.

Batun Kwatano kuwa, ko ba ka ji abin da ya faru ba? A Disambar 2023 wani wakilin jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sayo digiri daga can cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance kwalayen Benin da Togo, daga baya ministan ilimi ya ce sama da mutum 20,000 ne ke yawo da na jabu. Akwai jami'o'in gaske a Benin, irin ta Abomey-Calavi, amma can shekaru ake yi ana karatu, da Faransanci kuma. Wanda ya ce maka shekara ɗaya, takarda yake sayarwa.

Kuma mu iyaye mu muka buɗe wa 'yan damfarar nan kasuwa. Muna son a ce a wurin ɗaurin aure ɗan wane yana likitanci a jami'a kaza. Ka taɓa zaunar da yaron ka tambaye shi ko shi yana so? Kai da kanka, za ka yarda likitan da ya shiga da cin hanci ya duba mahaifiyarka?

Riƙe kuɗinka. In har yana son fannin lafiya, akwai IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a da ABU ke kula da ita, wadda ke kai ɗalibi aji biyu in ya ci sosai. Ka dai tabbatar cibiyar da za ka kai shi tana da rajista, don nan ma akwai na bogi. Akwai kwalejojin jinya da na kimiyyar lafiya na gwamnati. In kuma zai sake zama JAMB, ya yi rajista a cibiyar da hukumar ta amince da ita, da lambar wayarsa ta kansa, kuma kada ya bar wa yaron shagon intanet lambobin sirrinsa.