Mijina na dukana amma bana so a ɗaure shi, ya zan yi?

Tambaya: Barista barka da aiki. Dan Allah mijina ne ke dukana, kwanan nan har shaƙe ni ya yi sai da na ga duhu. 'Yan uwa sun ce in yi haƙuri wai maganar cikin gida ce. Ni kuma bana so a ɗaure uban 'ya'yana, so nake kawai ya daina. Akwai abin da doka za ta yi min?

Amsa: Sannu 'yar uwa, Allah ya kawo miki mafita. Shaƙewar nan ita ta fi tayar min da hankali, don duk mai aiki da matan da ake duka ya san namijin da hannunsa ya kai wuya ya kusa kisa. Ki je asibiti ko ba ki ga tabo ba, ciwon kan kasance ta ciki, kuma ki roƙi likita ya rubuta miki rahoto.

Duka laifi ne, aure baya wanke shi. Hukuncin dai ya danganta da ƙasar da kike. A Najeriya dokar VAPP ta 2015, wato dokar hana cin zarafin mutane, ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba ko duka biyun ga wanda ya doki matarsa ko wadda ta doki mijinta, kuma ta haɗa da korar mutum daga gida da cin zarafi da baki, sai dai asalinta ta Abuja ce, kowace jiha sai ta amince da tata, don haka ki tambayi lauya wacce ke aiki a inda kike. Ghana ma tana da tata tun 2007.

To batun ɗauri, ba shi kaɗai ne hanya ba. Akwai odar kariya, wato kotu ta hana shi taɓa ki ko yi miki barazana ko ma zuwa inda kike, ba tare da an kai shi gidan yari ba, in ya karya odar ne ya jawo wa kansa kamu. Gaskiya ita nake ganin ta dace da abin da kike nema.

Ki fara tara sheda tun yanzu, hoton ciwo da ranar da abin ya faru, saƙonnin waya, takardar asibiti, ki ajiye su wajen wanda kika amince da shi don yana iya bincika wayarki. Lauya kyauta kuma akwai, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA na yi, a Abuja kuma hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP ce ke kula da dokar VAPP, a Ghana 'yan sanda na da sashen DOVVSU mai kula da cin zarafi a cikin gida.

Dan Allah in kin yanke shawarar fita kar ki faɗa masa ana cikin faɗa, lokacin rabuwa ya fi kowane lokaci haɗari. Ki shirya inda za ki da yaran a asirce, takardunku da ɗan kuɗi su riga ku isa can. In ya sake kai miki hannu kafin nan, ki fita ki kira 'yan sanda a take.