Katakon kantar kayan sauti

Malam, ka tambayi katakon da za ka ba kafinta ya haɗa maka kantar amfilifaya da sauran kayan sauti. Nemi madaci busasshe. In aljihu bai kai ba, filawud (siraran faifan katako da aka manne) mai kaurin milimita 18 ya wadatar. Ka bar gilashi, karkarwa yake yi da zarar sifika ta buga.

Sharaɗin dai bushewa ce. Katakon da ake kawowa Katsina daga Kudu yakan iso da danshinsa, hunturu na kama shi sai ya tsage, kanta ta fara rawa. Ka taɓa kafin ka biya, ɗanye sanyi gare shi a hannu, ga nauyi. A kuma bar bayan kantar a buɗe, don amfilifaya na ɗaukar zafi sosai da bazara.