Dalilin da inji ya faɗa maka ba shaida ba ne

Jiya a shago ka tambaye ni: in babban injin harshe irin ChatGPT ya ware saƙonni gida-gida, me zai hana ka ce ya faɗi dalilinsa ka huta? Yaro, ka fama mini tsohon miki.

Wata damina wani Alhaji mai sayar da iri da maganin ƙwari ya ba ni aiki. Saƙonnin manoma suna shigo masa ta WhatsApp, yana so a raba su uku: kukan ƙwari, tambayar farashi, neman iri. Na horar da inji da tsofaffin saƙonninsa, na gwada, ya ci kusan duka. Na roƙi sati guda in bincika abin da yake kallo kafin ya yanke hukunci, Alhaji ya ce damina ba ta jira. Ashe kukan ƙwarin da ke cikin tsofaffin saƙonni galibi daga wajen Dakoro ya fito, sai injin ya kama sunan gari ya mai da shi alamar ƙwari. Da tsutsa ta faɗa wa gero a Madarumfa yana cikin fid da kai, mutane suna ta kuka, injin kuwa yana zuba saƙonninsu gidan farashi. Kwana 9 magani bai je ba. Na tambayi injin dalili, ya tsara mini zance mai daɗi, wai manomi ya ambaci kuɗi. Alhaji ya ci mutuncina gaban yaransa a bakin babbar kasuwa, ya riƙe mini cikon jaka 400. Har gobe in na wuce rumfarsa raina ɓaci yake.

Bayanin da inji ke ba ka rubutu ne ya ƙirƙiro bayan ya gama aiki, ba dole ya dace da abin da ya auku a cikinsa ba. Gwada shi ake yi. Ɗauki saƙo ɗaya, cire "Dakoro", sa "Tibiri", ka ga ko hukunci ya sauya. Cire "tsutsa", ka sake dubawa. Tushen LIME ke nan, wata dabarar gano abin da inji ya dogara da shi wajen yanke hukunci, wadda aka fitar a 2016. Masu ita sun nuna injin da ke bambanta kyarkeci da kare, ashe ƙanƙarar da ke bayan hoto yake kallo. Wata dabarar irinta mai suna SHAP ta biyo a 2017, tana raba wa kowace kalma nauyinta a cikin hukuncin.

Ni yanzu ba na barin inji ya yanke hukunci kai tsaye. Ƙananan tambayoyi nake sa shi ya amsa: an ambaci ƙwaro? an tambayi kuɗin tiya ko buhu? Ya kuma kwafo mini ainihin jimlar da ya dogara da ita. Daga nan ƙa'ida mai sauƙi da na rubuta da hannuna ta ware saƙon, ko Alhaji zai iya bin ta da yatsa.

Tsabtace saƙonni ba sai na koya maka ba. Ku yaran yanzu da kun ga inji ya ci 95 cikin 100 sai ku rufe kwamfuta. Gobe da sassafe ka kawo mini saƙonni 50 da injinka ya kuskure, mu zauna mu ciccire kalmomi ɗaya bayan ɗaya.