Amsa ga 'yar'uwar da za ta kai yara kallon futi a MCG

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, barka da zuwa Melbourne, Allah ya sa kin shigo a sa'a. Tun jiya na ga tambayarki, cewa abokin aikin maigidanki ya ba ku tikiti huɗu na wasan AFL, gasar ƙwallon ƙafa irin ta Ostireliya, a MCG, babban filin wasa na Melbourne, ke kuma ba ki san kan wasan ba, kina tsoron yara su gaji su ishe ki da rigima, kuma kina son ki ji ko wurin ya dace da mace mai hijabi da 'ya'yanta. Na bari sai da na sallami 'yan makaranta na samu natsuwa, don maganar tana da tsawo.

Ku je, kada ki mayar da tikitin nan. Ni ma ranar farko jan ƙafa na yi ta yi, baban yara ne ya matsa. Yau ga shi ni ce mai tashin gida da wuri ranar wasa, ni ce mai neman hulunan sanyi masu rawaya da baƙi na kulob ɗinmu Richmond a ƙarƙashin gado.

Wasan kansa ba sai kin haddace dokokinsa ba. 'Yan gari futi suke ce masa. Mutum 18 ne kowane ɓangare, fili mai siffar ƙwai, ƙwallon ma haka. Sanduna huɗu ne a kowane ƙarshen fili: in aka buga ta bi tsakanin dogayen biyu na tsakiya maki 6 ne, in ta bi gefe maki 1. Zango huɗu ake yi, kowanne minti 20 a agogon wasa, amma da tsaye-tsaye yakan kai kusan rabin awa, jiniya ce ke buɗewa ita ke rufewa. Wannan ya ishe ki. Sauran, wanda ke zaune kusa da ke zai koya miki ko ba ki tambaya ba, mutanen garin nan ba sa iya riƙe bakinsu a kan futi.

Babbar shawarata ita ce ku isa da awa ɗaya da rabi kafin a fara, don rabin daɗin ranar a waje yake. Ku hau jirgin ƙasa ku sauka a tashar Richmond ko Jolimont, ku bi ayarin mutane ta cikin lambun Yarra Park. Za ki ga kaka da jika sanye da kala ɗaya, yara suna buga ƙwallo a tsakanin itatuwa, masu sayar da mujallar wasan ranar, wadda ake kira Record kuma ake bugawa tun 1912, da motocin masu soya donat mai zafi da jam a ciki. Sau da yawa kulob mai masaukin baƙi yakan kafa rumfunan yi wa yara fenti a kumatu da wurin gwada bugun ƙwallo. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba a raba magoya baya. Na saba ganin ƙwallon Ingila a talabijin inda 'yan sanda ke tsaya wa tsakani, sai ga shi a nan miji da rigar Carlton, matarsa da ta Collingwood, suna cin dankali a takarda ɗaya suna zolayar juna. Filin yana ɗaukar mutum dubu ɗari da ɗoriya, kuma haka ake zama a cakuɗe.

Ki tabbata kuna kan kujerunku minti ashirin kafin jiniyar farko, saboda abin da suke kira banner, wato ƙaton bangon takarda da 'yan wasa ke ratsawa. Kowane kulob yana da 'yan gani-kashe-ninsa masu zama a bayan sanduna da tutoci da manyan tuntaye na leda. Su ne a cikin mako suke haɗuwa a wani zaure, bayan sun tashi daga aiki, su shimfiɗa takarda mai laushi kala-kala, su yi ta manna ta da salatif har ta zama bango guda wanda ya fi gidan bene ɗaya tsayi. A jikinsa suke rubuta baiti biyu ko huɗu, wani lokaci kirari ga ɗan wasan da ya cika wasa 200, wani lokaci habaici ga abokan hamayya, irin zambon da mawaƙan gida suke yi. Ranar wasa sai su shigo da shi fili, su ɗaga da dogayen sanduna da igiyoyi, mutum ashirin ko fiye suna kokawa da iska. Sai a saki waƙar kulob, 'yan wasa su fito a guje su fasa ta tsakiyarsa. Aikin dare da dare, cikin daƙiƙa uku ya zama tsumma. 'Yata ta fari da ta gani sai da ta ce, "Mama, ba su ji haushi ba?" Ina fa, murna suke, sun tattara yagaggen kayansu suna tafi. Ranar da iskar Melbourne ta ga dama kuwa, tun kafin 'yan wasa su fito take keta shi, magoya bayan ɗaya ɓangaren su yi ta shewa. Idan ɗan wasa yana bikin cika wani adadi, da 'ya'yansa a hannu yake ratsawa, bayan wasa kuma abokansa su ɗauke shi a kafaɗa.

Kowane kulob da waƙarsa, tsofaffin waƙoƙi ne masu amon bandirin sojoji, kowa ya haddace tun yana goye. Ta Brisbane a kan amon taken ƙasar Faransa aka ɗora ta. A tamu ta Richmond akwai gaɓar da duk fili ke ƙwala sunan kalar rigarmu da murya ɗaya, har kujera takan girgiza. A Adelaide kuma, tun 2014, magoya bayan Port Adelaide suna miƙewa minti ɗaya kafin a fara, kowa ya ɗaga mayafin wuyansa sama da hannu biyu suna rera wata tsohuwar waƙar ƙungiyar mawaƙa ta INXS. Wanda ya ci wasa ne kaɗai ake sake saka wa waƙarsa a ƙarshe, a yi ta maimaitawa, wanda aka ci ya fita yana jin ta a bayansa.

Akwai ihun da zai rikita ki in ba a faɗa miki ba. Idan aka kama ɗan wasa da ƙwallo a hannu bai rabu da ita ba, za ki ji dubban mutane sun ja "booool" suna neman alƙali ya hura. Wannan da sauƙi. Wanda ya tayar mini da hankali shi ne wani dare da muke wasa da Carlton. Suna da ɗan wasa Musulmi, Adam Saad, ɗan asalin Labanon. Duk sanda ya ɗaga ƙafar hagu ya buga doguwa, sai in ji ɓangare guda na fili ya yi "wuf" kamar haushin kare. Raina ya ɓaci, na ce wa baban yara mu tashi, a gabanmu ake kiran Musulmi kare? Wani dattijo a bayanmu mai hular Carlton ya ji, ya sunkuyo ya yi mini bayani cewa nasu ne ke yi, kuma girmamawa ce. Tun shekarun 1980 suke yi wa Val Perovic, daga baya Ang Christou ya gada, duk masu ƙarfin ƙafar hagu, yanzu kuma Saad aka naɗa wa rawanin. Kunya ta kama ni, na miƙa masa cincin.

Lokacin da yaranki za su fi so shi ne hutun rabin lokaci, minti 20. Manya suna fita sai a cika filin da ƙananan yara na Auskick, shirin koya wa 'yan shekara 5 zuwa 12 wasan a unguwanni, galibi safiyar Asabar. A yanka filin gida-gida da ƙananan sanduna, a sake su da riguna har gwiwa. Wani ya ɗauki ƙwallo ya nufi gidansu, wata ta tsaya tsakiyar fili tana ɗaga wa kakarta hannu, wani ya ci ya yi ta birgima kamar ya ɗauki kofi. Ɗana yana shekara bakwai cibiyar unguwarmu ta samu gurbi. Kwana uku bai yi barcin kirki ba. A ranar sau ɗaya tak ya taɓa ƙwallon, ya buga ta tafi gefe, amma mutanen da ke bakin shinge suka tafa masa, suka miƙo hannu yana bi yana tafawa har ƙofar fita. Ni kuwa ina sama ina share hawaye da gefen hijabi. Har yau hoton yana jikin firij. In yaranki sun nuna sha'awa ki sa su, maza da mata duka ake ɗauka, kuma a bakin filin nan na samu ƙawayen da na fi daɗewa da su a ƙasar nan.

To akwai abin da ba na so, gara in faɗa miki. A 'yan shekarun nan masu shirya wasanni sun ɗauka shiru laifi ne. Da an ci ƙwallo sai lasifika ta fashe da kiɗa, fitilu su yi ta walƙiya, wani mai makirfo ya yi ta umartar mutane su yi ihu, alhali mutanen nan sun fi shekara ɗari suna ihunsu ba wanda ya roƙe su. Akwai daren da a wani fili ƙaramar 'yata ta toshe kunne tana kuka tun zango na biyu, dole muka fito. Tun daga nan nake tafiya da abin toshe kunne na yara, kuma na fi son wasan rana. Filin Marvel da ke Docklands, mai rufin da ake rufewa, yana da ɗaki na musamman mai shiru don yaran da hayaniya ke firgitawa. Ga tallan caca da ke yawo a allo, sai kin shirya amsar da za ki ba yaro in ya tambaya. Sannan kyamara tana zagaya 'yan kallo lokacin hutu tana haska fuskoki a ƙaton allo, wani lokaci a ce a yi rawa. In ba kya so, ki duƙar da kai ki shiga neman wani abu a jaka, za ta wuce.

Giya ana sha, ba zan ɓoye miki ba, kuma ashar yana fita musamman wasan dare in alƙali ya yi abin da ba a so. Amma akwai sashen da aka hana giya gaba ɗaya, ki duba tikitinku, in kuma nan gaba ku za ku saya ku nemi can. Ana nuna lambar waya a allo da za ki tura saƙo a ɓoye in wani ya dame ku, ma'aikata su zo. Ni dai a hijabina ban taɓa fuskantar abin da ya wuce kallo ba. Wannan ba ya nufin filayen nan ba su san wariya ba: Adam Goodes, gwarzon Sydney kuma ɗan asalin ƙasar, ihun tsana aka yi ta yi masa har ya bar wasa a 2015, sai 2019 hukumar AFL ta ba shi haƙuri.

Salla kuwa akwai ɗakin ibada a MCG, ki tambayi duk mai rigar aiki ya nuna miki. Albarkacin Bachar Houli ne, ɗan Richmond da ya ci kofi uku da mu a 2017 da 2019 da 2020. Shi ya nema, a 2012 hukumar ta ce a tanadi wurin a manyan filaye. Saboda shi ɗana ya zaɓa mana kulob. Ki lura a watan Yuni rana tana faɗuwa biyar da 'yan mintoci, don haka wasan yamma yakan haɗa miki La'asar da Magariba, ki zo da alwala in za ki iya. Abinci, mitfai, wato gasasshen ƙullin fulawa mai nama a ciki, da kowa ke ci da tumatirin kwalba shi ne al'ada, ni ba na saye sai na ga shaidar halal. An yarda ki shigo da naki, ban da kwalba da gwangwani. Nakan ɗauki filas na shayi mai citta, da fanke ko cincin, da bargo. Sanyin kujerun sama ba irin hunturun gida ba ne, har ƙashi yake shiga.

Ba ki faɗi wane wasa ba ne. In na 25 ga Afrilu ne, Collingwood da Essendon na ranar Anzac da ake yi tun 1995, to an ba ku zinariya: mutum sama da dubu casa'in su yi tsit na minti ɗaya don tunawa da sojoji, har kukan tsuntsu kina ji. Akwai Dreamtime, Richmond da Essendon tun 2005, da dare, a kashe fitilu a yi raye-raye da kiɗan 'yan asalin ƙasa, 'yan wasa su sa riguna masu zanensu. Akwai na hutun watan Yuni, Melbourne da Collingwood, inda tun 2015 fitattun mutane ke sulalowa cikin kwamin ruwan ƙanƙara da shigar ban dariya, fili ya cika da shuɗayen huluna, don tara kuɗin yaƙi da cutar nan mai kashe jijiyoyin motsi da ta kama Neale Daniher, tsohon kocin Melbourne. Wasan ƙarshe na cin kofi a Satumba kuwa ki manta da tikitinsa, a nan ne ake kawo mawaƙa irin su Robbie Williams a 2022 da Katy Perry a 2024, kuma har yau ana tsokanar Meat Loaf kan yadda muryarsa ta ƙi a 2011. Faretin ranar Juma'a kafin wasan kyauta ne, hutu ne ma a jihar Victoria.

In an tashi kada ku yi saurin fita. Ku gangara bakin shinge, 'yan wasan da suka ci sukan zagaya suna miƙa wa yara ƙananan ƙwallaye da sa hannu. A wasu wasannin kuma, waɗanda kulob ke sanarwa tun cikin mako, ana busa jiniya ta biyu a buɗe ƙofofi kowa ya shiga filin ya buga tasa. Ƙwallaye ɗari-ɗari a sama lokaci guda, ki riƙe ƙaramin da kyau ki kuma kula da kanki, ni an taɓa sauke mini ɗaya a tsakar ka. Ki saya musu ƙaramar ƙwallo mai laushi tun a kantin unguwa, ta fi araha a can, ki rubuta lambar wayarki a jikinta da kuma a hannun kowane yaro. Kafin ku gama wannan cunkoson tashar Richmond ya ragu, za ku samu wurin zama a jirgi.