Excel a ajin lissafi: taimako ne ko lalata yara?

Tambaya: Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Zariya. Ɗalibaina sun kai sittin a aji, kwamfuta kuwa ɗaya ce, laftof ɗina, wuta ma sai ta ga dama. An ce Excel, manhajar nan ta jera lambobi a gidaje-gidaje ana lissafi da su, na taimakawa wajen koyar da lissafi. Anya ba sangarta yaran zai yi ba, tunda ranar WAEC da NECO biro da takarda za su riƙe?

Amsa: Malam, fargabarka tana da tushe. Idan ka bar yara suna danna =SUM don a tara musu lambobi, to kalkuleta mai tsada kawai ka ba su. Amfanin Excel yana wani wuri dabam.

Asalin irin wannan manhaja ma daga aji ya fito. Dan Bricklin yana ɗalibi a makarantar kasuwanci ta Harvard, yana ganin yadda lamba ɗaya kan canja a allo sai a bi sauran lissafin duka ana gogewa. Shi da Bob Frankston suka fitar da wata manhaja mai suna VisiCalc a 1979, Excel ya biyo baya a 1985. Ka canja lamba ɗaya, duk abin da ya dogara da ita ya canja a gaban idonka. Abin da alli ba zai yi maka ba ke nan.

Gwada wannan ranar Litinin. Ka ce mudun shinkafa naira 1,000 ne, kuma kullum shekara yana ƙaruwa da kashi 10 cikin ɗari. Shekara nawa zai yi kafin ya ninka? Yawancinsu za su ce goma, har da masu ƙoƙarin. Kada ka gyara musu. Su yi shekara uku na farko da hannu a littafinsu: 1,100, 1,210, 1,331. Sannan ka buɗe laftof, ka sa 1000 a gidan farko na teburin Excel, wato A1, ka rubuta =A1*1.1 a A2, ka ja shi ƙasa. A shekara ta bakwai 1,949, ta takwas 2,144. Sai wani daga bayan aji ya ce, "Malam, idan kashi 20 ne fa?" Ka mayar da 1.1 ɗin 1.2, ka sake jan shi ƙasa, amsa ta fito: shekara huɗu. Wannan tambayar ita kake nema tun farko.

Akwai wata ribar da ba a cika lura da ita ba. Yaron da harafin x ke ba shi tsoro ba ya tsoron A1, don yana ganinsa: gida ne, duk abin da aka zuba ciki shi ne ƙimarsa. Daga nan zuwa aljabara taki ɗaya ne. Haka ma y = x² − 5x + 6. Jera x daga 0 zuwa 5, ka fitar da zanen, su ga inda ya ratsa layin x a 2 da 3, sannan ka mayar da 6 ɗin 7 su ga zanen ya ɗaga sama bai taɓa layin ba.

Sai dai ka yi hattara da wani tarko. Idan ka rubuta =-2^2, wato −2², Excel zai ba ka 4, alhali a lissafinmu −4 ne, domin shi alamar ragi yake fara ɗauka kafin ninki. Saboda haka zanen y = −x² zai fito a birkice in ba ka rubuta =-(A2^2) ba. Ni da gangan nake bari ya faru, in tambayi aji wa ya yi kuskure, mu ko na'ura. Musun da ke biyo baya ya fi darasin da na shirya.

Batun kayan aiki kuwa, ka yi caji tun dare, ka raba ajin gida shida, kowane rukuni ya zo da hasashensa a rubuce kafin ya taɓa kwamfutar. In babu lasisin Excel, LibreOffice Calc, mai aiki irin nasa, kyauta ne kuma ba ya buƙatar intanet, Google Sheets ma yana buɗewa a waya. Minti ashirin sau ɗaya a mako ya isa, sauran kwanakin a koma kan allo da tsofaffin tambayoyin jarrabawa.